Gatarin Aradu a Rijiyar Inna

Na dawo Matameye bayan shekaru masu yawa a kan hanya, na tarar abu biyu sun faru a bayana: Faransawa sun ci ƙasa, Inna kuma ta rasu. Na farkon bai ba ni mamaki ba, don na ga Nasara sun zauna a ƙasashen da suka fi tamu ganuwa da bindiga. Na biyun ne ya zaunar da ni. Aka kai ni maƙabarta aka nuna mini wurin. Ruwan damuna ya riga ya shafe tudun, sai wani guntun tulu da aka kafa a wajen kai.

Abin da na fi tunawa da Inna shi ne tsakiyar kanta. Gashin wurin ya ƙare tun ina yaro, gammo da tulu suka cinye shi. Unguwarmu tana gefen gari ta hanyar Kurni, rijiyar da muke sha kuwa tana can ɗaya gefen, sai an ratsa gari an gangara. Saboda haka ban yi dogon tunani a kan sadakar da zan yi mata ba. Na ce rijiya zan haƙa a bakin unguwa. Malamai sun gaya mana duk wanda ya sha, mutum ko dabba, ladan yana isa ga mamacin da aka yi dominsa. Sharaɗin ɗaya ne, a sha. In ba a sha ba, rami kawai na haƙa, ba abin da zai kai wa Inna.

Na kawo mahaƙa daga Dungu. Suka ratsa rairayi, suka ratsa jar ƙasa, suna ɗaure bangon da itacen ƙirya kada ya rufta. Suka yi nisan da in ka leƙa sai idonka ya saba da duhu kafin ka ga mutum. Ƙasa ta fara danshi, muna ta cewa ruwa ya kusa. Wata hantsi babbansu ya girgiza igiya a fitar da shi. Ya fito ya koma nesa da ramin ya zauna yana goge hannunsa da ƙasa. Na tambaye shi ko maciji ne. Ya nuna mini kwandon ƙasar da aka jawo na ƙarshe da haɓarsa.

A cikin kwandon akwai toka da gawayi, da tsingaro mai zanen layi-layi, da rabin dutsen niƙa. A kansu ga wasu duwatsu uku baƙaƙe, masu santsi kamar an shafa musu mai, kowanne bai wuce tafin hannu ba, gefe ɗaya mai kauri, ɗaya gefen mai kaifi. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san sunansu. Gatarin aradu.

Yaran yanzu da suka shiga lakkol, makarantar Nasara, ba su san nauyin wannan dutse ba, bari in faɗa. A wurin mutanenmu, idan aradu ta faɗi, shi take jefowa. Shi ke tsaga itace, shi ke kashe mutum, sannan ya nutse cikin ƙasa. Maƙera kaɗai ke taɓa shi. Sarkin maƙera yana da guda a cikin tukunya, da shi ake rantsuwa idan magana ta gagari alƙali. A jiƙa shi cikin ƙwaryar ruwa a miƙa wa wanda ake zargi. In ya sha da ƙarya a bakinsa, ba zai ga ƙarshen damuna ba. Na ga ƙatti sun mayar da akuyar sata tun ƙwaryar ba ta iso hannunsu ba.

To ga rami da duwatsu uku suka zauna a gindinsa tun ba a san yaushe ba. Kafin azahar gari ya gama tunaninsa: ruwan da zai fito daga nan ruwan rantsuwa ne, rijiya guda cike. Wa zai sha? Ba Matameye kaɗai ba, ban taɓa sauka garin da za a sami baligi ɗaya da bakinsa bai taɓa ƙarya ba. Mahaƙa suka naɗe igiyarsu suka koma Dungu. Sarkin maƙera ya zo ya leƙa daga nesa, ya ce uku aka gani, ba wanda ya san nawa suka rage a ƙasa, a zuba nono a cike ramin.

Na ce ba za a cike ba.

Ragowar haƙar da hannuna na yi ta. Maiɗakina ce ke jan kwando da jaki, tana ja tana faɗa, ta kuma gaya mini tun farko cewa ja za ta yi, sha kuwa ba da ita ba. Ruwa ya ɓuɓɓugo fari tas, mai sanyi, ba kanwa ba gishiri. Na cika tulu na kai gida. Ya wuni a tsakar gida ba wanda ya taɓa shi, har kaji ake kora daga wurin.

Limamin gari a lokacin taubashina ne, ɗan kawuna, Inna gwaggonsa ce. Tare muka yi allo. Shi ya zauna ya ƙoshi da karatu, ni na bi raƙuma. Tun muna yara ba ya kirana da komai sai ɗan mace, hajjin da na yi kuma bai canja wannan ba. Na same shi a zaurensa bayan la'asar, dattawa kewaye da shi, na zazzage duwatsun a kan tabarma. Kafin ka ce me, kowa ya manne da bango.

Ya ce, "Ɗan mace, kwashe kayanka. Ka tafi yawon duniya ka dawo mana da rashin kunya."

Na ce, "Malam, dutse ne. Hannun mutum ya wasa shi. Dubi nan, ga inda ƙota ta ci shi."

"Kai ka ga lokacin da ake wasa shi?"

"Kai ka ga lokacin da ya faɗo?"

Wani dattijo ya yi dariya ya mayar da ita tari.

Sai na gaya musu abin da idona ya gani. Na bi ayarin gishiri daga Abzin zuwa Bilma ba sau ɗaya ba. A tsakiyar Tenere, inda raƙumi ke kwanaki bai sansana ruwa ba, akwai wuraren da iska ta share rairayi ta tone ƙasa. A can irin waɗannan duwatsu suke zube kamar kashin awaki a turke, ga duwatsun niƙa da 'ya'yansu a kai kamar jiya aka tashi daga niƙa, ga ƙashin kifi mai kaurin hannun yaro, ga ƙugiyar kamun kifi ta ƙashi. A duwatsun Abzin kuma na ga zanen shanu da raƙumin dawa a kwazazzaban da yau ko akuya sai ta yi da gaske. Na tambayi Buzaye da harshensu, suka ce aikin wasu ƙattin farko ne. Na tambayi Larabawan Gat, suka ce aljanu. Barebarin Bilma suna da nasu zancen. Kowace ƙabila da na zauna da ita tana da wanda take ɗora wa duwatsun nan, ba wadda ta yarda ta ce kakanninta ne.

Na ce, "Ni na san abin da aradu ke bari a rairayi, na tone shi da hannuna. Wani kwararo ne kamar ƙonannen kara, cikinsa na ƙyalli, kana matsawa ya farfashe. Wannan kuwa tare da toka da tukunya da dutsen niƙa muka same shi. Aradu tana niƙa gero ne? Ko miya take kaɗawa?"

Liman ba wawa ba ne, kada wani ya ɗauka haka nake nufi. Ya bar ni na gama, sannan ya gyara zama.

Ya ce, "Bar zancen aradu, wannan tsakaninka da maƙera ne, ni ban karanta shi a ko'ina ba. Abin da kake faɗa ne ya fi nasu nauyi. Annabi Adamu ya sauko da ilimi, ya sauko da kayan ƙira. Yaushe 'ya'yansa suka rasa ƙarfe har suka zauna gugar dutse? Sannan shekarun duniya sanannu ne, dubu bakwai ne, muna cikin ta ƙarshe. Kai kuma kana gaya mana tafki ya zama Tenere, rairayi ya binne murhu har zurfin rijiya. Wannan aikin shekara nawa ne? Ina za ka sa shi a cikin lissafin? Ko kana so ka ce an yi wasu mutane kafin Annabi Adamu?"

Na gane ramin da ya haƙa mini. In na ce e, na bar musulunci a gaban shaidu. In na ce a'a, na koma na cike rijiyata.

Na ce, "Ba a yi kowa kafin shi ba. Nisa ne ya fi yadda kuke zato."

"Lissafin malamai fa?"

"Wanne daga ciki? A Tarabulus na zauna kusa da Yahudawa, suna da nasu lissafin tun daga halitta. A Masar Kiristocin can suna da nasu, bai zo ɗaya da na Yahudawa ba. Namu bai zo ɗaya da ko wanne ba. Na nemi adadin a cikin Littafin Allah ban same shi ba. In kai ka same shi, ga allo ga tawada, nuna mini."

"Yana cikin littattafan magabata."

"Magabata mutane ne masu igiya, sun zura iya tsawon tasu. In igiyarka ba ta taɓo ruwa ba, ƙara mata za ka yi, ko cewa za ka yi rijiyar ce ta yi ƙarya? Ni da kai a gaban malami ɗaya muka karanta cewa an yi al'ummu da yawa da ba wanda ya san su sai Allah, aka kuma ce mu yi tafiya mu duba abin da suka bari. Ni na yi tafiyar na duba. Kai ka haddace umarnin ka zauna."

Ya ce, "Ƙarfen fa? Ka tsallake shi."

Na ce ban tsallake ba. Ilimi yana faɗuwa daga hannun mutane kamar yadda kaya ke zamewa daga bayan jaki, ba a ji ba sai an yi nisa. A Masar na ga tsaunukan da aka gina da hannu, jikokin maginan suna sayar da dabino a inuwarsu, ba mai iya ɗaga dutse ɗaya daga ciki. A nan garin ma, tun da ƙarfen Nasara ya fara shigowa kasuwa, maƙera nawa suka rage masu narka tama? Jikokinsu za su iya? To wasu 'ya'yan Annabi Adamu sun yi nisa, ƙarfe ya faɗi daga hannunsu, suka duƙa suka ɗauki dutse. Ba su fasa zama 'ya'yansa ba.

Liman ya dubi duwatsun, bai taɓa su ba.

Ya ce, "Bakinka ya fi rijiyarka zurfi. Amma ba zan ce wa mutane su sha ba."

Na ce, "Gwaggonka ce fa."

Ya ce, "Don gwaggona ce ban sa an cike ramin ba tun ranar farko. Tashi, ka hana mutane zama."

Ba a jima ba labari ya kai kunnen wani Bature, likitan soja ne da ya fito daga Damagaram yana zagayen duba masu agana. Ashe mai tara duwatsu ne. Ya zo bakin rijiya a kan doki da gardi biyu, wato dogaran Faransawa, a bayansa. Na gaishe shi da Faransancin da na tsinta a Cadi a hanyar dawowa daga hajji, ya yi murna ya sallami tafinta. Na ba shi biyu daga cikin duwatsun, na ukun yana cikin aljihun 'yar cikina. Zan faɗi gaskiyarsa: ya riƙe su da ladabin da ba wanda ya nuna musu a garin nan. Ya juya su a rana, ya shafa kaifin da babban yatsa, ya ce aikin gwani ne.

Sannan ya ce waɗannan ai na jiya ne. A ƙasarsu, cikin koguna, ana tono wasu da aka fasa kawai ba a goge ba, waɗanda suka girme su nesa ba kusa ba. Ya faɗi wani adadin shekaru da na juya shi a Hausa da Larabci da Barbarci da Buzanci ban sami inda zan ajiye shi ba. Ban yi masa gardama ba. Wanda ya riga ya ƙara igiya ba ya jin tsoron a ce masa da sauran zurfi. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce masu waɗancan duwatsu na farko sun fi kusa da dabba, mutum daga biri ya taso sannu a hankali, zancen Annabi Adamu kuwa tatsuniya ce ta lallashin yara. Ya ce zai sa a cire itacen ɗaurin rijiyar, a buɗe ta da faɗi, a tankaɗe ƙasar, don ya tabbata akwai ƙasusuwa a ƙasa.

Na kira shi yadda ake kiran babba da Faransanci, na ce, "Mushe, na zauna da birai a Abzin, sun sha sace mini dabino. Suna da wayo. Amma juya dutsen nan ka dubi bayansa, inda ba ya yanka komai, inda ƙota za ta rufe. Nan ma an goge shi sumul. Wanda ya yi wannan ba don yunwa ya yi ba, so yake abin ya yi kyau. Irin ran da aka hura mini aka hura masa. Shekarunka na karɓa. Birinka ka riƙe."

Ya yi dariya sosai, ya ce ni ne mutum mafi ban sha'awa da ya gani tun da ya bar Damagaram, kuma gobe za a fara buɗe rijiyar. Na ce ta uwata ce. Ya ce ƙasar ta Faransa ce. Na je na zauna a bakin rijiyar na zura ƙafafuna ciki. Gardi suka ɗauke ni kamar buhun gero suka kai ni bariki suka ɗaure a rana.

Ina ɗaure aka tara majiya ƙarfi na aikin dole aka kai su bakin rijiya. Ba wanda ya shiga. Aka yi tsawa, aka ɗaga bulala, aka sauke ta a bayan wasu. Suka ce a kai su fasa dutse a hanya, a kai su ɗaukar kaya har Damagaram, amma ramin aradu ba da su ba. Gardin ma 'ya'yan ƙasar nan ne, ko igiyar ba su yarda sun kama ba. Likita yana da masu agana suna jiransa a garin Tsauni. Ya sa duwatsun biyu a aljihunsa da kansa, ya sa aka kwance ni, ya hau doki. An ce mutane sun bi shi da kallo har ya ɓace, rabin idonsu a kan dokin rabi a sama.

Tsoron da nake yaƙa shi ya tsare mini rijiya daga Bature. Na san haka sarai. Ban gode masa ba, don rijiyar da tsoro ya tsare ita ce dai wadda tsoro ya hana a sha.

Na ga magana ba za ta yi ba. Na sami ƙota na tsaga kanta, na sa dutsen na ukun, na ɗaure da ɗanyar fata na ajiye a rana har ta bushe ta kama shi gam. Ranar kasuwa, lokacin da masu zuwa daga Kurni ke wucewa, na tsaya a gindin wani marke kusa da rijiya na fara sara. Mutane suka taru daga nesa. Gatarin yana ci, amma kaɗan-kaɗan, kamar ɓera na gaigayar ƙwarya. Abin da gatarin ƙarfe zai gama kafin a dama fura, ni na fara da hantsi sai da rana ta karkata. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ina sara ina tunanin mutumin da ya riga ni riƙe shi. Da wannan ya share gona, da wannan ya kafa ɗaki, wata mace tana niƙa a bayansa, wataƙila ita ma gashin tsakiyar kanta ya ƙare. Ban taɓa jin kusanci da wani mamaci irin na ranar ba, in ka cire Inna.

Reshen ya faɗi. Na ja shi na gitta a bakin rijiya don igiya ta riƙa bi ta kansa. Na jawo ruwa na cika ƙwarya, na tsoma gatarin ciki yadda sarkin maƙera ke yi, na ɗaga murya.

Na ce, "Ku shaida. Ni tun da nake fatauci ban taɓa yabon raƙumi mai ciwon baya a gaban mai saye ba."

Duk wanda ke wurin ya san ƙarya ce, har da waɗanda ba su taɓa ganin raƙumina ba. Dariya ta taso ta mutu a hanya. Na kafa kai na shanye, na nemi gafarar Allah a kan ƙaryar, na tafi gida.

Damunar nan na san yadda kuturu ke ji. Da hadari ya haɗo, sahun da nake ciki a masallaci sai ya buɗe dama da hagu. Ba mai fakewa a zaurena. Maiɗakina ta ga gabas ta yi baƙi sai ta tuna tana da magana da 'yar'uwarta. Ba zan ce ban taɓa jin tsoro ba in tsawa ta fashe a kan gari, aradu ai tana kashe masu gaskiya ma. Amma ban fasa fita ba, ban fasa sha ba. Damuna ta wuce, aka yanke gero, ga ni a tsaye. Na zaci magana ta ƙare. Sai aka ce aradu ba ta mantuwa, baɗi ma damuna ce.

Wannan ya fi ɗaurin bariki ƙona mini rai. Ko dabbobi ba a bari su sha, wai za a sha nononsu. Ni da jakina kaɗai muke aika wa Inna lada. Kullum da safe matan unguwa suna wuce rijiyar da tuluna a ka, su kauce mata, su ratsa gari su gangara, kamar yadda Inna ta yi har ta mutu.

Wata rana da kaka ina bakin rijiya ina gyaran guga, sai ga Liman da dattawa sun fito daga wani ƙauye ta hanyar Kurni, sun je jana'iza. Rana ta yi ja, la'asar tana shirin kuɓuce musu, butocinsu ba ko ɗigo. Suka tsaya a wani fili ɗan nesa da ni. Na ga Liman ya naɗe hannun riga ya duƙa zai bugi ƙasa ya yi taimama. Na jawo ruwa na cika buta, na taka har gabansa na ajiye.

Na ce, "Malam, ina da tambaya. Taimama ta halatta ga wanda ruwa ke gabansa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ɗan mace, ba yanzu ba."

"Yanzu ne lokacinta, rana na tafiya. Dubi ruwan nan. Launinsa ya canja?"

"Bai canja ba."

"Sansana. Warinsa fa?"

"Na ce ba yanzu ba."

"Ɗanɗanonsa ni na shaida, shekara guda ina sha. To da me ya fita daga tsarki? Gaya wa dattawa su ƙaru."

Wani daga cikinsu ya ce ai an yarda wa mai tsoron cuta ya yi taimama. Na ce haka ne, to Malam ya faɗa da bakinsa cewa dutse yake tsoro, dutsen da ya ce bai karanta shi a ko'ina ba, in ɗauke butata in ba shi wuri.

Liman ya dubi rana, ya dubi buta, ya dubi dattawa. Na san shi tun muna cin ƙasa. Zai iya jure a ce masa mai taurin kai, ba zai iya jure a ce ya bar hukunci don camfin maƙera ba. Ya jawo butar ya yi bisimilla ya wanke hannu. Da ya zo kurkurar baki ya ɗan tsaya, kowa ya zuba masa ido. Ya guntsa, ya kurkura, ya tofar da nisa har da kakari. Ya gama alwala ya miƙe yana gyara rawani.

Ya ce, "Ban haɗiye ba. Ku shaida ban haɗiye ba."

Na ce, "Na shaida. Gwaggonka ta gode da alwalar."

Ya ce, "Allah Ya jiƙanta, Ya shirya ɗanta. Jawo wa mutane ruwa, ka tsaya kana surutu."

Dattawa suka yi alwala ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai tsaya a bayan liman mai alwala da taimama ga ruwa a gabansa. Wani tsoho da ƙishi ya dama tun daga maƙabarta ya kurkura bai tofar ba, na gani na kau da kai. Muka yi salla a filin, sahu bai buɗe ba.

Da safe na tarar da maiɗakina a bakin rijiya da tulu. Ta ce na wanki ne. Kafin hantsi mata biyar ko shida sun zo, duk na wanki. Ban tambayi kowa ba da wane ruwa aka dama furar ranar. Kafin wata damunar igiya ta fara cin reshen marken, yanzu kuwa ta yi masa kwari-kwari kamar haƙarƙari, an ce in canja shi na ƙi.

Liman bai taɓa sallama mini a kan shekarun ba. Har ya tsufa, in muka haɗu sai ya ce, "Ɗan mace, yau duniya ta kai shekara nawa a wurinka?" In ce, "Ta fi ta jiya da kwana ɗaya, ta fi taka da abin da Allah kaɗai Ya sani." Ya rasu yana kan dubu bakwai ɗinsa. Da ruwan rijiyar gwaggonsa aka yi masa wanka, ni na jawo shi.

Gatarin yana nan a ɗakina da ƙotarsa. Wani malamin lakkol ya zo kwanan baya yana so in ba shi ya kai wa Nasara, sarkin maƙera na yanzu kuma yana so ya sa shi cikin tukunya. Na ce wa kowannensu gadon gidanmu ne, ba na bayarwa. In suna jin ƙishi ga rijiya can, su sha su yi wa Inna addu'a.